Bayan Kuza, Me Za Mu Bar Wa Yaran Riruwai?

Tun kafin zuwan Turawa an san Riruwai da kuza. Mutanen garin sun narka ta, fatake sun kai ta kasuwanni masu nisa, daga baya kamfanoni suka zo da injuna suka haƙa ƙarƙashin duwatsu. To, a watan Oktoba na 1985 sai farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar Landan, garuruwan da suka dogara da ita kuwa suka ji a jikinsu. Abin da aka tono a ƙasa, wani ne can nesa yake yanka masa farashi.

Shi ya sa muke roƙon iyaye daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa su dubi wata sana'a da ake ɗauke da ita a ka, wato rubuta wa kwamfuta umarni. Na'urar nan ba ta da wayon kanta. Sai an gaya mata abin da za ta yi daki-daki, in an tsallake mataki guda ta tsaya ko ta yi shirme.

A nan amfanin yake. Yaron da ya saba da wannan aiki yakan koyi raba babbar matsala ƙanana-ƙanana, ya nemi inda kuskure yake da haƙuri maimakon ya yi fushi ya bari. Wannan hali zai bi shi ajin lissafi, ya bi shi gona. Gobe shi ne zai tsara wa manoman masara lissafin taki da bashi.

Akwai kuma abin da ya fi gaggawa. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka ta kwamfuta. Ɗan ƙauyen da bai taɓa na'urar ba sai ranar jarrabawa, ya shiga da tsoro biyu ke nan.

Wani zai ce, ina wuta, ina kuɗi? Gaskiya ne, amma ana iya farawa da alli. A sa yaro ya rubuta wa ɗan'uwansa matakan zuwa rijiya daga ƙofar aji, shi kuwa ya bi su ba ƙari ba ragi. Bayan haka, manhajar Scratch, wadda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007 domin yara, kyauta ce, tana kuma aiki ba intanet. Kwamfuta guda da faifan sola sun isa a fara.

Kada kuma a bar 'yan mata a baya. Ada Lovelace ta Ingila, wadda ake ɗauka ita ce ta fara wallafa irin wannan umarni a 1843, ai mace ce.

'Yan'uwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu tayar da maganar nan a taron iyaye da malamai na gaba, a san wa zai koyar, a san ɗakin da za a zauna.