Ciwon Rai Mai Hawa Da Sauka: Inda Haɗarinsa Ya Fi Ɓuya

A unguwar Barnawa, kudu da Kogin Kaduna, akwai asibitin masu taɓin hankali wanda aka kafa a 1975, Gwamnatin Tarayya kuma ta karɓe shi a 1996. Cikin waɗanda dangi kan kai can akwai masu ciwon da likitoci ke kira baifola, watau ciwon da rai kan hau ya sauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 40 ne ke fama da shi a 2019.

Idan ya hau, mutum kan yi kwanaki ba barci, ya yi ta surutu, ya rabar da albashinsa tun wata bai raba ba. Wannan kowa yana gani, har maƙwabta su taya a kai shi asibiti. Saukar ce ba ta da hayaniya. Sai ya rufe ɗaki, ya daina cin abinci, ya ɗauki kansa kaya a wuyan iyali, mutanen gida kuwa su ce ai ya natsu. Alhali a nan ne, da kuma makonnin farko bayan sallama daga asibiti, tunanin halaka kai ya fi ƙarfi.

Haɗarin yana ƙaruwa idan ciwon ya haɗu da lalurar hali. Ita wannan ba ta zuwa ta tafi. Tun ƙuruciya take biye da mutum. Irin wadda ta fi tayar wa likitoci hankali ita ce mai sa tsananin tsoron a guje shi, da saurin fushi, da aikata abu kafin tunani. Wajen ɗaya cikin biyar na masu baifola suna da ita. A gida da ofis, abin takaici, sunanta rashin tarbiyya, maganinta kuma faɗa.

Akwai taimako. Maganin litiyam, wanda Dokta John Cade ya gwada a Ostireliya a 1949, an tabbatar yana rage wannan haɗari, amma lalle ne a riƙa gwajin jini, musamman da zafin bazara lokacin da jiki ke ƙarancin ruwa. Lalurar hali kuwa ba ta jin ƙwaya kaɗai, sai da zama da masanin halayya a kai a kai.

Kunya da tsoron hukuma sun daɗe suna rufe bakin iyalai, domin dokar laifuffuka ta Arewa ta 1960 ta tanadi ɗauri har shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. A Janairun 2023 ne Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958.

Likitoci sun ce tambayar mara lafiya kai tsaye ko yana tunanin mutuwa ba ta cusa masa tunanin. In ya amsa, kada a bar shi shi kaɗai, a kulle magunguna da maganin ƙwari, a kai shi asibiti a ranar, ko da ranar ganin likitansa ba ta zo ba.