Yadda Transparency International Ke Aiki Da Inda Take Samun Kuɗi

A 1993 ne Peter Eigen, tsohon jami'in Bankin Duniya, ya jagoranci kafa ƙungiyar Transparency International, mai hedikwata a Berlin. A Nijeriya, CISLAC ce ke wakiltarta.

Ba ta da hurumin kame ko gurfanarwa. Bincike da matsin lamba ne makamanta. Tun 1995 take fitar da jadawalin shekara-shekara bisa ra'ayin masana da 'yan kasuwa kan cin hanci a ma'aikatun gwamnati.

Kuɗinta na fitowa daga hukumomin gwamnatoci, gidauniyoyi, kamfanoni da ɗaiɗaikun mutane. Tunda mai ba da tallafi na iya neman juya akalarta, takan wallafa sunayen masu tallafa mata da rahoton binciken asusunta, domin jama'a su yi alƙalanci.