Yadda ƙarancin mai da tsatsa suka sa bindigar M16 ta ci amanar sojojin Amurka a Biyetnam

A watannin Afrilu da Mayu na 1967, sojojin kundumbala na Amurka sun gwabza faɗa a tsaunukan da ke kusa da Khe Sanh a ƙasar Biyetnam. Daga fagen dagar aka riƙa aiko wasiƙu gida ana kuka da sabuwar bindigar da aka ba su, M16, wadda ke cijewa ana tsakiyar ɓarin wuta. Kwanson harsashi kan maƙale a ciki, sai soja ya zura tsinken ƙarfe ta baki ya zungure shi, abokan gaba kuwa na ta harbi.

Matsalar tana cikin hanjin bindigar ne. Injiniya Eugene Stoner ya tsara ta yadda hayaƙin albarushi zai bi wani siririn bututu ya dawo ya bugi ƙarfen da ke kai-komo a ciki. Wannan ƙarfe shi ke janyo kwanson da aka harba ya jefar, ya dawo ya tura sabon harsashi ya kulle. Tunda hayaƙin zafi a kansa yake sauka kai tsaye, yana busar da mai ya bar baƙin datti mai tauri. Idan ƙarfen ya bushe sai ya yi nauyin tafiya. Haka abin yake a AR-15, 'yar uwarta da fararen hula ke saye a Amurka, mai fitar da harsashi ɗaya a kowane jan kunama.

Laifin ba na sojojin ba ne. An canza nau'in albarushin zuwa wanda ya fi barin datti, ya kuma ƙara saurin bugun bindigar. Ga damshin dajin Biyetnam da ke sa tsatsa. Sannan an raba bindigogin ba tare da isassun kayan gogewa ba, har magana ta yaɗu cewa wai ita take wanke kanta. Kwamitin majalisar wakilai ƙarƙashin Richard Ichord ya binciki lamarin, kuma rahotonsa na Oktoban 1967 ya caccaki rundunar sojin ƙasa.

Gyara ya biyo baya: aka shafe mazaunin harsashi da kurom, aka raba burushi da tsinken gogewa da wani mai da ake kira LSA. A 1968 har ɗan littafin zane aka buga, na mai zane Will Eisner, domin a koya wa matasan sojoji inda ake ɗiga mai.

Amma muhawarar ba ta mutu ba. A Iraƙi sojoji da dama sun riƙa ƙauracewa mai, suna ganin yana kama ƙura, tunanin da duk wanda ya taɓa shafa wa sarƙar babur mai a lokacin hunturu zai fahimta. Gwajin ƙura da rundunar ta yi a Aberdeen da ke jihar Maryland ya nuna akasin haka: bindigogin M4 da aka wadata da mai sun fi waɗanda aka ɗan shafa wa aiki ba cijewa. Dalilin kuwa, man yana jiƙa ƙurar ta zama laushi, ƙarfen ya ture ta gefe ya wuce.