Rabon takobi a rumbun Adar

Duk wanda ya bi hanyar Madawa zuwa Buza, ya haura ta Keita, idonsa ba zai rasa rumbunan Adar ba. Manyan rumbunan laka ne masu ciki kamar tulu, wasu sun ɗara ɗakin mai gida tsawo, bakinsu a can sama an kife shi da ɗan jinka, sai da tsani ake shiga. In ya ƙara dubawa zai ga wani abu game da tsofaffin garuruwa. Ga kwari shimfiɗe, ga ruwa kusa, ga ƙasar noma, amma gari ya je ya lafe a gindin dutse, mata na haurawa da tulu a ka. Wanda ya zaɓi irin wannan mazauni, wurin ɓuya ne a ransa kafin rijiya.

Hafsoshin Faransa da suka kafa bariki a Tawa a farkon ƙarni na 20 sun tarar da masu takobi a kan raƙuma, da malamai, da manoma masu biyan gandu, da bayi. Sai suka ce ai wannan sun san shi, shi ne tsarin da kakanninsu suka rayu a ciki, wanda suke kira feodal. Kalmar ta zauna a littattafan lakwal. Ina ganin ta kama gaskiya ta wani gefe, ta kuma rufe wani abu babba.

Bari mu fara da inda kalmar ta fito. Sharlaman, wanda Fafaroma ya naɗa sarkin sarakunan Kiristocin yamma a shekarar 800, ya rasu a 814, jikokinsa suka raba daular uku a 843. Daga nan mahara suka yi musu caa. Ƴan Baikin sun biyo koguna daga arewa da jiragen ruwa, suna fara wa gidajen ibada saboda nan azurfa take, kamar yadda suka yi wa Lindisfan a Ingila tun 793. Magiyar sun zo daga gabas bisa dawakai, ba a karya su ba sai a 955. Ta kudu kuma mahara Musulmi ne ke fitowa daga teku. Sarki na nesa, kafin labari ya kai masa an ƙone gari. Dole talaka ya nemi mai doki da ganuwa mafi kusa da shi. Jarumi zai durƙusa, ya sa hannayensa cikin na ubangidansa, ya rantse zai bi shi yaƙi, shi kuma a yanka masa ƙasa da manoman da ke kanta. Wani lokaci maharin kansa ake ba amanar: a 911 sarkin Faransa ya ba Rollo, shugaban ƴan Baikin, yankin da ya zama Nomandi, bisa sharaɗin ya shiga Kiristanci ya tare ƴan uwansa. Ingila kuwa a 991 fam dubu goma na azurfa ta biya don a bar ta ta huta, ba a kuwa bar ta ba. Wani bishop, Adalbero na Lawon, ya tsara abin a baki: mutane kashi uku ne, masu addu'a, masu yaƙi, da masu aiki.

To, mu dawo gida. Mutanen farko da tarihin baka ya riƙe a Adar su ne Azna, Hausawa masu bin addinin gargajiya, waɗanda ake rabawa zuwa Aznan ramu da Aznan mahalba. A wajensu ƙasa tana da masu ita na ɓoye, kuma zuriyar wanda ya fara sare daji ce ke riƙe da alkawarin da aka ƙulla da su, ita ke yanka kafin shuka. Adar ta zauna ƙarƙashin inuwar Kabi har 1674, shekarar da Agabba, ɗan Sarkin Abzin Muhammadu al-Mubarak, ya ci Kabawa da yaƙi. Shi ne tushen sarautar Sarkin Adar, wadda daga baya ta zauna a Illela. Tare da shi Lisawan suka zo, Abzinawan da aka danƙa wa kula da garuruwa da tattara gandu, kuma gidan sarautar kanton Keita na yau daga cikinsu yake. Duk wanda zai yi maganar wannan zamani sai ya ratsa ta aikin masanin tarihi Djibo Hamani a kan Adar kafin zuwan Turawa.

Abin bai tsaya nan ba. Wajen ƙarshen ƙarni na 18 Abzinawan Kel Geres suka baro Abzin bayan rikicinsu da Kel Ewe, suka sauka a kudu maso gabashin Adar da Gobir Tudu, wajajen Galma da Arzarori, ƙarƙashin tamburansu. Daga arewa kuma, ta Azawak, ga Abzinawan Kel Dinnik. Kusan duk ƙarni na 19 waɗannan biyu sun yi ta ja-in-ja a kan wa zai ci Adar, sarautar zuriyar Agabba kuwa ta koma suna. Manomin Buza ko Tamaske bai da zaɓi mai daɗi. Kaka ta yi, raƙuma su iso, a buɗe rumbu a auna. Wanda ya karɓa shi ne zai hana wani ya karɓa, in ya iya. In bai iya ba, a ba dutse amana, a kwashe mata da yara a haye. Ran wanka ba a ɓoyon cibi: wannan kariya da wancan hari hannu ɗaya ne ke yin su, bambancin kawai ko ka biya ko ba ka biya ba. A nan kam Bafaranshe bai yi ƙarya ba, Adar da Nomandi sun yi kama.

Masu addu'a ma akwai su. A tsarin Abzinawa, imajeghen ke da takobi, ineslemen ke da allo da alƙalanci, iklan su ne bayi. Sai dai malaman Adar ba su tsaya ga sa wa tsarin albarka ba kamar yadda bishop Adalbero ya yi. Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke ƙasar Madawa, ya yi zafi a kan masu ikon zamaninsa har ya kai ga kafirta mai aikata manyan zunubai, matsayin da Shehu da kansa bai bi shi a kai ba duk da girmamawar da yake masa. Shi Shehun ma a Maratta aka haife shi a 1754, nan kusa da Galmi. Bayan faɗuwar Alkalawa, babban birnin Gobir, a 1808, wani malami daga ƙabilar Ait Awari, Muhammadu al-Jilani, ya ɗaga tutar jihadi a Adar da Azawak, ya ƙasƙantar da masu takobi, ya yi wa'azin cewa Musulmi duk ɗaya ne, baƙi da fari, ɗa da bawa. Ƴan shekaru ya yi. Ibra na Tamesgidda, wanda shi ma daga gidan malamai ya fito, ya haɗa kai da Kel Geres suka kore shi, ya nemi mafaka wajen Muhammadu Bello a Sakkwato. Ibran nan ne kuma aka gani a sahun Gobirawa da Katsinawan Maraɗi ranar yaƙinsu da Muhammadu Bello a Gawakuke a 1836.

Inda kwatancen ya karye shi ne ƙasa. A Turai gona ce igiyar da ta ɗaure kowa: ubangida ke da ita, manomi ya manne mata, in an ba da ita da shi ake bayarwa. A Adar fili ya fi mutane yawa. Ba'abzine makiyayi ne, damina ta faɗi ya nufi gishirin Ingal da dabbobinsa, bai gina ganuwa a tsakiyar gonakin kowa ba. Hatta sarakunan da suka ci ƙasar da yaƙi sun bar wa Azna harkar yanka da tsafin shuka, don ba su ne suka ƙulla alkawarin ba. Abin da mai ƙarfi ke mallaka shi ne mutum da rabon guminsa. Shi ya sa talaka ɗa yake da makami guda, ƙaura: in an matsa masa ya ɗaure kayansa ya koma ƙarƙashin wani. Bawa kuwa ko ya yi tafiyar kwana goma, ya kafa tungarsa, ya noma gonar da ubangijinsa bai taɓa gani ba, sunan na biye da shi, ya bi ɗansa, ya bi jikarsa ranar da za a yi maganar sadakinta.

Abin dariya, in akwai dariya a ciki, Faransawan ne suka kawo abin da ya fi kama da tsarin kakanninsu. Bayan sun karya Kel Geres a Zangebe da Galma a 1901, suka ja layi a takarda, suka ce daga nan zuwa nan kanto ne, ga sarkinsa, kowa a rubuta shi a garinsu ya biya haraji a nan. Sun haramta cinikin bayi da dokar 1905, suka maye gurbinsa da aikin tilas har 1946. Mutum ya manne wa ƙasa, ita kuma tsohuwar igiyar bauta ba ta tsinke ba.

Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuka a 2003, bayan doguwar fafutikar ƙungiyar Timidria. Shekara biyar bayan haka, a watan Oktoba na 2008, kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta zauna a Yamai kan ƙarar Hadijatu Mani, ƴar jihar Tawa, wadda aka sayar tana da shekara 12 a 1996 a kan jaka 240 na sefa, ta zama wahaya, wato ƙwarƙwara, a gidan wani mutum a ƙasar Ƙwanni. Kotu ta ce gwamnati ta kasa kare ta, ta umurci a biya ta diyyar sefa miliyan goma.