Me ya sa baduku ke gasa tafin takalmi?

A Sabon Gari na Maradi, za ka ga mai ɗinkin takalma yana kara tafin roba bisa garwashi kafin ya manna. Gam yake tayarwa.

Da farko yana kankare tafin da fatar takalmin, su yi kaushi, sai ya shafa gam a kan kowannensu, ya bari ya sha iska har ya daina kama yatsa. Ruwan da ke cikin gam ɗin ya gudu ke nan, saura busasshen danƙo. Zafi ne ke sake tausasa shi: irin gam ɗin da ake manna tafin roba da shi na son kimanin digiri 60 zuwa 70. Nan take ake haɗawa, a bi da guduma, domin da ya huce ba ya kamawa.

Masu garaje nan suke ɓata aiki. Ɗanyen gam na kama wuta kamar fetur, wuta mai yawa kuma na ƙona fatar jar akuyar Maradi, ta ƙanƙance. Lokacin hunturu ga ƙura: in ta hau gam, tafin zai ɓare tun ba a yi nisa ba.