Dogaran da Ke Tsaron Jikin Mutum

A unguwar Peckham, kudu da Kogin Thames a birnin Landan, akwai wani gini wanda aka buɗe cikin 1935. Likitoci biyu, George Scott Williamson da Innes Pearse, su ne suka kafa wurin. Kowane iyali na unguwar kan biya sule guda a mako, su zo su yi iyo da wasanni, a kuma duba lafiyarsu shekara-shekara. Abin da likitocin nan ke bi shi ne su gane abin da ke tsare mai lafiya har ya zauna lafiya. An rufe wurin cikin 1950, tambayar kuwa ba ta gama samun amsa ba.

Wani sashe na amsar yana cikin jikin mutum kansa. Kullum ƙwayoyin cuta suna sauka a fata da ido da maƙogwaro, amma ba kullum ake kwantawa ba. Dalili kuwa, jiki yana da tsaro iri biyu. Ɗaya kamar rundunar yaƙi yake, sai an yi gangami kwana da kwanaki kafin ta fito. Ita ce allurar rigakafi ke horarwa. Ɗayan kuwa kamar dogaran ƙofar gari yake, da shi aka haifi mutum, ba ya jiran a kira shi.

Tun cikin 1922 Alexander Fleming ya bayyana cewa majina da hawaye suna ɗauke da wani sinadari mai narkar da ƙwayoyin cuta. Daga baya aka gano waɗansu da suka fi shi ƙanƙanta, waɗanda masana ke kira feftayid. Cikin 1981 Hans Boman na ƙasar Suwidin ya same su a jikin wani irin malam-buɗe-littafi. Cikin 1985 aka same su a fararen ƙwayoyin jinin mutum. Cikin 1987 kuma Michael Zasloff, a Amurka, ya lura da kwaɗin Afirka da aka yi wa tiyata suna warkewa cikin ruwa mai dauɗa ba tare da miki ya ruɓe ba, ya bincika, ashe fatarsu ce ke fid da irin wannan makami.

Ga yadda suke aiki. Bangon ƙwayar cuta yana jan feftayid kamar yadda maganaɗisu ke jan allura. Da sun manne sai su huda bangon, abin da ke ciki ya tsiyaye, kamar salkar da ƙaya ta soke. Ƙwayoyin jikin mutum kuwa bangonsu dabam ne, saboda haka yawanci sukan tsira.

To, yau Peckham cike take da mutanen Nijeriya, har akan ce da ita ƙaramar Ikko, kuma zancen nan ya shafe su. Cikin 2006 masana suka nuna cewa ɗaya daga cikin dogaran nan, mai suna katelisidin, wanda ke yaƙar ƙwayar tarin fuka, bitamin D ne ke zuga jiki ya yi shi. Fata kuwa da hasken rana take yin bitamin D. A Ingila, daga Oktoba zuwa Maris, ranar ba ta da ƙarfin da zai isa, baƙar fata kuma ta fi bukatar rana mai yawa. Don haka hukumomin lafiya na ƙasar suka shawarci masu baƙar fata su riƙa shan maikirogiram 10 kowace rana, rani da damina.

Amma fa bitamin D ba maganin tarin fuka ba ne. Wanda tari ya bi shi har mako uku, sai ya nufi asibiti, gama in abokan gaba sun fi ƙarfin dogaran ƙofa, dole a kawo musu gudummawa.