Karatun hutun bazara a manyan makarantun Amurka: Shin kwalliya na biyan kuɗin sabulu?

Duk shekara, tun kafin a rufe makarantu domin dogon hutu, manyan makarantun kwana masu zaman kansu na ƙasar Amurka, waɗanda aikinsu shi ne share wa matasa fagen shiga jami'a, sukan baza tallace-tallacen shirin karatu na musamman da suke gudanarwa a lokacin bazara. Daga wajen ƙarshen watan Yuni zuwa ƙarshen Yuli ko farkon Agusta, lokacin da ɗalibansu na ainihi suka tafi gida, sai su buɗe ɗakunan kwana da azuzuwa ga yara 'yan shekara 12 ko 13 zuwa 18 daga kowace kusurwa ta duniya. Tallar takan iso har hannun wasu masu hali na Abuja da Kano da Kaduna, waɗanda dama sun saba da biyan kuɗin lesin hutu, suna ganin wannan ma lesin ne, sai dai nasa da jirgin sama.

Biyu daga cikin waɗannan makarantu sun fi suna. Akwai Phillips Academy ta garin Andover a jihar Massachusetts, wadda aka kafa a 1778, inda George Bush uba da George Bush ɗa duk suka yi karatu. Ita ta fara shirinta na bazara a 1942. Sai Phillips Exeter ta jihar New Hampshire, wadda aka kafa a 1781, makarantar da Mark Zuckerberg mai Facebook ya gama a 2002. Nata shirin ya faro tun 1919. Dukkansu mako biyar suke yi, kuma kuɗin yaron da zai kwana a makaranta ya kai wajen dala 10,000, wani lokaci ma ya haura, ban da kuɗin jirgi da na biza da na kashewa. A shekarar 2024, lokacin da dala ɗaya ta wuce naira 1,500, wannan kuɗi ya zarce naira miliyan 15. Mai karatu ya yi lissafin yara nawa wannan adadi zai ɗauki nauyinsu shekara guda a makarantar unguwarsu.

Alal haƙiƙa ba za a ce babu abin da yaro ke samu ba. A Exeter, tun daga 1930 da attajiri Edward Harkness ya ba makarantar gudummawar kuɗi mai tsoka bisa sharaɗin a sauya salon koyarwa, ana zaunar da ɗalibai kimanin 12 tare da malaminsu a kewayen tebur guda mai siffar ƙwai. Malami ba ya tsayawa gaban allo yana zuba ana kwafa. Ɗalibai ne ke karanta darasi tun da dare, da safe su zo su yi ta musayar hujja, shi kuwa yana saita akalar zancen. Yaron da ya tashi a tsarin hadda, wanda aka koya masa cewa yi wa malami tambaya rashin kunya ne, idan ya yi mako biyar a irin wannan zama lalle zai dawo da wani abu a kansa. Zai kuma koyi wanke kayansa, da tashi ba tare da an tashe shi ba, da zama ɗaki ɗaya da wanda ba su haɗa harshe ko addini ba. Wannan riba ce ta gaske, kuma a ganina ita ce mafi girman abin da ake saye da kuɗin.

Sai dai mafi yawan iyaye ba ita suke nufin saye ba. Abin da ke zuciyarsu shi ne sunan makarantar ya shiga takardun yaro, ya zame masa tsani zuwa Harvard ko Yale, ko kuma ya buɗe masa ƙofar zama cikakken ɗalibi a makarantar kanta. A nan ne ake yin kitso da kwarkwata. Shiga shirin bazara daban, samun gurbi a makarantar daban, kowanne da ƙofarsa. Shirin bazara ya fi sauƙin shiga nesa ba kusa ba, domin makaranta na son cika gadajen da za su zauna babu kowa, kuma ba dukkan malaman da ke koyarwa a lokacin ba ne malamanta na yau da kullum, wasu aro su ake yi daga wasu wurare. Jami'an ɗaukar ɗalibai a jami'o'i kuwa sun san duk wannan sarai. Idan suka ga sunan shirin a takardar yaro, abin da suka fi fahimta shi ne mahaifinsa yana da hali.

Abin lura shi ne, shirye-shiryen da suka fi ƙima a idon jami'o'i su ne waɗanda ba a biyan ko sisi. Shirin binciken kimiyya na RSI, wanda aka fara a 1984 kuma ake gudanarwa a jami'ar MIT, yana ɗaukar matasa wajen 100 ne kacal a shekara daga cikin dubban masu nema, kuma kyauta ne. Ita ma Andover tana da wani shiri na lissafi da kimiyya tun 1977, domin yara masu hazaƙa daga gidajen marasa ƙarfi na baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka da jajayen Indiyawa. Yaro zai zo bazara uku a jere, makaranta ce ke ɗaukar nauyi. Darajarsu ta zo ne daga tsananin tankaɗe da rairayar da ake yi kafin a zaɓi mutum.

Masu tallar sukan kafa hujja da cewa dogon hutu yana goge karatu daga kan yaro. Maganar tana da tushe. A 1996 Harris Cooper da abokan aikinsa sun tattara bincike-binciken da aka yi a kan haka, suka gano cewa ɗalibi kan yi asarar abin da ya kai karatun wata guda a hutun bazara, musamman a lissafi. Karl Alexander na jami'ar Johns Hopkins, wanda ya bi sawun yara kusan 800 a birnin Baltimore tun daga 1982, ya bayyana a 2007 cewa wajen kashi biyu cikin uku na tazarar iya karatu da ke tsakanin 'ya'yan talakawa da na masu hali a farkon babbar sakandare daga hutun bazara ta samo asali. Daga baya, a 2019, wani mai bincike Paul von Hippel ya nuna cewa sababbin jarrabawa ba su nuna tazarar ta kai haka ba. To ko da an ɗauki tsohon sakamakon yadda yake, wa ya nuna yana asara? Ɗan talakan da babu littafi ko ɗaya a gidansu. Ɗan gidan da zai iya fitar da dala 10,000 ba ya cikin masu wannan ciwo, amma shi ake kawo wa maganin har gida.

Saboda haka shawarar ta rataya ne a kan yaron kansa. Idan shi ya nema, yana da fannin da yake ƙishirwa a kai wanda makarantarsa ba ta koyarwa, ko kuwa ana shirin kai shi karatu waje ana son a gwada ko zai iya zaman baƙunta kafin a zuba kuɗin shekara huɗu, kuma biyan ba zai sa a sayar da gona ko a taɓa kuɗin makarantar ƙannensa ba, to mako biyar ɗin ba asara ba ne. Idan kuwa mahaifi ne ke son a ce ɗan Alhaji ya je Amurka karatu, yaron kuma da ƙyar ya fito daga zangon jarrabawa a gajiye, gara a nema masa malamin lissafi nagari a gida na awa biyu a rana, sauran lokacin ya zauna a shagon kawunsa ya koyi rubuta ciniki da ba da canji.